Zanen Baba a Filashi Guda

Shekarun baya, lokacin da injin aikin wuya na kwamfuta ya fara yawa a layinmu na teloli da ke bayan Terminus a Jos, na yi wani abu da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, daga baya dariya ta biyo. Tunda abin ya daɗe da wucewa, kuma wanda na yi wa ya ce in ba da labarin in na ga dama, to bari in ba ku.

Ni da abokina tare muka tashi a unguwar Kwararafa, kuma a hannun mahaifinsa muka koyi ɗinki. Baba, haka dukkanmu muke kiran sa, gwanin aikin hannu ne. In ya zana aska takwas a gaban babbar riga, ko ba ka san ɗinki ba sai ka tsaya kallo. Yana da wasu littattafai da ya cika da zanensa na shekara da shekaru, gobarar babbar kasuwa ta cinye su tare da shagon. Bai jima sosai bayan haka ba Allah ya karɓi abinsa. A wancan shagon, ba yabon kai ba, ni ake yabo. Hannuna ya fi na abokina sauri nesa ba kusa ba, kuma ni Baba yake miƙa wa shaddar manyan mutane. Shi kuwa abokina sai ya wuni yana kallon riga ɗaya, mu kuma muna tsokanar sa cewa kafin ya gama wuya ɗaya mai rigar ya yi jika.

Ashe wannan kallon hadda yake yi. Da injin kwamfuta ya shigo, kowa a layi ya samo zanen da ke yawo a gari ya zuba wa injinsa, har ya zama in ka je masallacin Juma'a sai ka ga wuya iri ɗaya a jikin mutum goma. Abokina bai bi wannan hanyar ba. Ya zauna ya riƙa zaro zanen Baba daga kansa yana mayar da su cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, ɗinki bayan ɗinki. Wani zanen sai ya ci masa mako guda. Cikin 'yan shekaru ya tara abin da ya haura ɗari, kuma babu mai irinsu a duk garin Jos.

Daga nan ciwona ya fara. Shagona yana gaban nasa, saboda haka duk mai zuwa wurinsa sai ya wuce ta ƙofata. Wasu ma tsayawa suke yi su yi mini sallama da ladabi, ina murna ciniki ya zo, sai in ji an ce, don Allah ina shagon mai zanen nan? Da baki nake nuna musu, don hannuna ba ya yarda ya ɗagu. Wanda ya fi ƙona mini rai wani tsohon kwastomana ne da ya kawo shadda ya ce in yanka in ɗinka, amma wuyan a kai wa abokina. Wato ni ne mai ɗora tukunya, shi ne mai zuba gishiri. Ko a gida ban tsira ba. Mahaifiyata in ta ga rigar da ya yi sai ta ce yaron nan ya gaji ubansa, ni kuma in sunkuyar da kai ina cin tuwo, ina cewa a zuciyata ai ni uban yake yabo. Ƙyashi nake yi, ƙyashi na gaske, irin wanda in an ambaci sunan mutum sai ka ji miyau ya yi maka ɗaci. Kuma duk da haka tare muke cin abincin rana, tare muke hawa Keke mu koma gida.

Akwai wata al'ada tamu ta masu aikin wuya da ya kamata ku sani. A wurinmu zane sirri ne, kuma kwafi na biyu ƙofar ɓarawo ce. Duk wanda yake da zane mai kyau, wuri ɗaya yake ajiye shi. Abokina in ya gama zane a laftof sai ya tura shi cikin filashi ya goge na laftof ɗin, don kada wani ya buɗe ya gani. Filashin nan guda ɗaya tak, ya ɗaura masa igiya ya rataya a wuya cikin riga kamar laya. Muna yi masa dariya, amma dukkanmu mun yarda dabara ce.

Wata Juma'a aka ɗauke wuta, janaretonsa ya ƙi tashi, ga shi yana da aikin gaggawa. Ya zo ya roƙi in ara masa injina. Yana cikin aiki aka fara kiran salla, ya fita alwala ya bar filashin a jikin inji. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na zare, na soka a laftof ɗina, na kwashe komai, na mayar. Kafin ya dawo yana sharce ruwa a gemu, ni har na ɗauki buta ina yi masa faɗan ya cika jinkiri.

A gida na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ban ji daɗin da na yi zaton zan ji ba, don kowane zane na buɗe sai na ga ya fi ƙarfina. A ƙarshen kowanne kuma, can ƙasan aljihu inda ido ba ya kaiwa, akwai wasu 'yan ɗinki uku masu kama da sawun tsuntsu. Sa hannun Baba ke nan, da shi yake rufe duk aikin da ya yi, abokina kuma ya ci gaba da sa shi. Na zaɓi guda goma da suka fi burge ni na cire musu sawun tsuntsun, da niyyar in riƙa yi wa baƙi masu zuwa daga wajen gari. Ban taɓa yi ba ko sau ɗaya. Duk ranar da na yi niyya sai in tuna riga tafiya take yi, wata rana za ta bi ta layinmu. Haka na zama ɓarawon da ya saci akuya ya kasa yankawa, ya kasa sayarwa. Na zuba su a wata folda na rubuta mata "Hotunan suna", suka yi wata bakwai a nan.

Azumi yana da kwana goma, lokacin da kowane tela shadda ta kai masa wuya, abokina ya shigo shagona da hantsi ba sallama. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce wuta ta ɗauke injin yana tsakiyar karanta filashi, da ta dawo sai allon ya nuna wani rubutu da Turanci, shi kuma ya danna OK, kamar yadda dukkanmu muke danna OK ga duk abin da inji ya tambaye mu. Ashe tambayar ita ce ko a yi fomatin, wato a share filashin tas. Da ya duba ya ga wayam, sai ya yi zaton filashin ne ya mutu. Don ya gwada ko yana da rai, sai ya je shagon maƙwabcinmu ya tura bidiyon tafsiri har guda shida a ciki. Suka shiga lafiya lau. Wai shi a nan hankalinsa ya ɗan kwanta, tunda filashi na karɓar abu, ai na da ma yana nan wani wuri a ɓoye. Laftof ɗin da ya yi zanen a kai kuwa ya riga ya sayar tun bara.

Ni ake ɗauka masanin kwamfuta a layin, shi ya sa ya zo wurina. Zan faɗa muku abin da na ji a wannan lokacin, ko da za ku zage ni. Daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ina azumi, bakina yana cewa innalillahi. Na ce a raina yau dai mun zama ɗaya, kowa ya koma zanen kasuwa mu ga wanda hannunsa ya fi.

Amma na karɓi filashin, na ce zan gwada. Kwana biyu ina sauke manhajojin dawo da fayil iri-iri. Ta farko ta dawo mini da tafsirin da ko ɓata bai yi ba, da wasu tsofaffin hotuna. Ta biyu ta jero sunaye reras, na danna in buɗe ta ce sai na biya tukuna, ba ta ko bari in leƙa in ga ko akwai wani abu a bayan sunan ba. Ta uku wani ya tura mini ita wai an fasa makullinta, kyauta ce. Ita kam ba ta dawo da komai ba, sai tallace-tallace da ta cika mini laftof da su har na sha wahalar korar ta. Kuma in faɗi gaskiya, duk manhajar da ta kasa, ba na jin haushinta sosai.

Rana ta uku abokina ya matsa muka tafi Gada Biyu wurin wani Ibo mai gyaran kwamfuta, dattijo mai haƙuri da aka haifa a nan Jos. Ya saurari labarin har ƙarshe, da aka zo kan tafsiri sai ya cire tabarau ya dubi abokina.

"Oga, ka kashe shi sau biyu," in ji shi. "Fomat bai cika kashe fayil ba, suna ne kawai ya goge, kaya yana ciki. Amma wannan bidiyo da ka sa, ya zauna a kan kayanka."

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce duk wanda abu ya ɓace masa, abu na farko shi ne ya zare filashin ya daina sa komai a ciki. Ya ce yawancin manhajojin nan hoto da bidiyo da takardu suka sani, fayil ɗin injin aiki baƙo ne a wurinsu, sai an nemi wadda za a iya nuna mata irin fayil ɗin da ake nema. Kuma a zaɓi wadda za ta nuna maka abin da ta samo kafin ta nemi ko sisi, sannan abin da ta samo a zuba shi wani wuri dabam, ba cikin filashin da ake jinya ba. Shi kansa bai taɓa filashin kai tsaye ba, sai da ya kwafi hotonsa gaba ɗaya zuwa kwamfutarsa, ya yi aiki a kan kwafin. Muka zauna har azahar. Ya samo guda goma sha ɗaya. Da muka koma shago muka gwada, huɗu ne suka fita daidai. Sauran sai inji ya fara aska tiryan-tiryan, ya kai rabi, ya hau watsa zare ko'ina a kan ƙyalle.

Abokina ya kashe injin ya zauna a kan benci. Bai yi maganar kayan mutane da ke jibge a bayansa ba, bai yi maganar Salla ba. Cewa ya yi wasu zanen tun yana da ƙuruciyar tunawa ya fitar da su, yanzu ko an sa masa wuƙa ba zai iya tuno su ba. Ya ce gobara ta ci na farko, shi kuma ya ci na biyu da yatsansa.

Wannan maganar ta bi ni har gida. Da aka sha ruwa na kasa cin ƙosai, mahaifiyata ta lura. Na gaya mata abin da ya samu abokina, ban gaya mata abin da ke cikin laftof ɗina ba. Sai ta ce Baba ya koya maka abin da kake ci da shi bai karɓi ko kwabo ba, in akwai abin da za ka iya yi wa ɗansa, ka yi. Ba ta san komai ba, amma sai na ji kamar ta buɗe foldar ta gani.

To ga inda nake. In na yi shiru, zanen Baba ya tafi har abada, kuma ni kaɗai na san bai tafi ba. In na fito da su, na tona wa kaina asiri a gaban mutumin da nake ci a kwano ɗaya da shi. Sai shaiɗanin da ya ba ni shawarar farko ya kawo ta biyu. Na lura a wurin dattijon nan cewa fayilolin da manhaja ta dawo da su ba sa zuwa da sunayensu, lambobi suke zuwa da su. Washegari da safe na zauna na goge sunan kowane zane na sa masa lamba, na hargitsa jerinsu, na zuba a sabon filashi. Na kai wa abokina na ce na samo wata manhaja mai ƙarfi da ta yi kwana tana haƙa.

Ya soka a inji, zane ya fito. Ya buɗe na biyu, ya fito. Da ya kai na ashirin sai ya rungume ni yana hawaye a gaban mutane. Kafin la'asar duk layi ya ji cewa na yi abin da mai gyaran Gada Biyu ya kasa. Aka fara kawo mini katin memori na waya da tsofaffin filashi, wannan hotunan aurensa, wancan karatun mahaifinsa. Ina karɓa ina cewa sai an dace, don manhajar tana da zaɓe. Kuma kada ku ce ban ji daɗin yabon ba. Karon farko ke nan cikin shekaru da aka wuce shagonsa aka zo nawa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana saura kwana biyar Salla ya leƙo ya ce in zo in ga wani abu. Na tarar ya sallami kowa, ya shimfiɗa wata farar shadda a kan tebur, aikin ya fita kamar a lashe. Ya ɗaga aljihun ya nuna mini ƙasansa da yatsa. Babu komai a wurin. Cikin gaggawar sauya sunaye na manta sarai da guda goman da na yi wa aski.

"Mutumina," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wannan manhajar taka tana da ilimi. Ta dawo da komai, amma ta zaɓi guda goma mafiya kyau ta cire musu sa hannun Baba. Kuma duk abin da na zana bayan wata Juma'a da na ari injinka, ba ta gan shi ba."

Na buɗe baki in ce wani abu game da yadda manhajoji suke, sai na ga babu amfani. Na zauna a bencin nan na faɗa masa komai, har da sanyin da na ji ranar da ya shigo da labarin. Ban san dalilin da ya sa na faɗi wannan ba, bai tambaye ni ba. Ya daɗe yana goge bakin almakashi da gefen rigarsa. Ya ce tun kwana uku ya gane, ya rasa yadda zai yi da ni: ya yi fushi da ɓarawo, ko ya gode wa wanda ya ceci aikin ubansa, ga shi kuma mutum ɗaya ne. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba satar ba ce, cire sawun ne.

"Da ka tambaye ni, da na hana ka," ya ce. "Gara da ka sata. Amma ka mayar da abin da ka cire, da hannunka."

A gabansa na zauna na mayar da ɗinki ukun nan a kan zane goma, yana tsaye a kaina kamar yadda mahaifinsa yake tsaya mana. Bai gaya wa kowa a layi ba. Ni na bi masu katin memori ɗaya bayan ɗaya na mayar musu da kayansu, na ce su je Gada Biyu, manhajata ta daina aiki. Mun yi kusan wata biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kowa yana cin abincinsa a shagonsa.

Bayan Babbar Salla ya shigo da wani ɗan akwatin ajiyar fayil a hannu, ya ajiye a kan tebur ɗina. Ya ce ya sayi biyu, ɗaya yana gidansa, wannan kuma ni zan riƙe, duk ƙarshen wata zai karɓa ya ƙara sababbi ya dawo mini da shi. Na ce masa ai ba a ba kura ajiyar nama. Ya ce kurar da ta yi wata bakwai da nama a baki ba ta haɗiye ba, ita ya fi yarda da ita a duk layin nan.

Abin da na koya a kan kwamfuta ba shi da yawa, kuma kun riga kun ji shi daga bakin dattijon nan na Gada Biyu. Abin da zan ƙara shi ne, manhaja mafi ƙarfi a duniya ba ta kai kwafi na biyu da ke wani gida ba. Mun ɗauka ɓoye abu wuri ɗaya shi ne tsaro, ashe wanda ya fi kowa iya hallaka aikinka shi ne kai da yatsanka. Yanzu rabin layinmu kowa yana da inda yake ajiye na biyu, wasu har da na uku a intanet.

Game da zuciya kuwa, ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Da satar da amanar, amanar ta fi nauyi. Da can ina hango aikinsa ne a jikin mutane, yanzu kuwa duk wata ake kawo mini shi har gida, da izinin in duba, ba izinin in taɓa. Kuma mutumin nan ƙara gwanancewa yake yi. Watan jiya ya sa wani sabon wuya a ciki, ba na Baba ba, nasa na kansa. Na zauna ina kallon sa har shayina ya huce. Na kira shi a waya na ce masa sabon nan ya yi kyau. Ya yi dariya ya ce ya san ya yi kyau, tunda ya ji muryata ta dushe.